Wayar Inna Ta Buɗe, Yaya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, matarka ta kira ni ta ce ka cika. Na yi salati, na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na zauna ina kallon kujerarka a ofis. Na yi kuka, Yaya. Amma yau da albishir na zo maka.

Ga wanda bai san mu ba, ba ciki ɗaya muka fito ba, girmanka ne ya sa nake ce maka Yaya. Shekara bakwai muka yi muna gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet. Ni ce mai yi wa shafi ado, kai ne mai tabbatar da shafi ya buɗe a kowace burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. 'Yan layinmu Sarkin Tsofaffin Wayoyi suke ce maka, saboda aljihun teburinka: waya goma sha ɗaya, wata fuskarta a tsage, wata an ɗaure ta da roba, kowacce da irin burauzarta.

Ka sha ba ni haushi. In gama shafi tsaf, launi ya zauna, hotuna suna zamewa gwanin sha'awa, sai ka baje wayoyin nan a tebur kamar mai shanya, ka yi ta dannawa. "Ƙanwata, a kwamfutarki ango ne," in ji ka, "a nan kuwa rubutu ya hau kan ɗan'uwansa." In kumbura, kai kuwa ka yi ta dariya.

Jarrabawar ƙarshe ita ce wayar Inna, mahaifiyarka, wayar da ta girmi 'yarka ta fari, Inna kuma ta hana a canza mata. Ba ka miƙa wa kowa shafinsa sai Inna ta buɗe shi da hannunta, ta kai har maɓallin saye, ba tare da an nuna mata ba. Kullum cewa kake mai irin wayar Inna shi ma mai saye ne, ba a rufe masa ƙofa.

Aikinmu na ƙarshe na wata mai ɗinkin jakunkuna ne. Faɗaɗa titi ya cinye shagonta, ta koma wani ɗaki a lungu da mata bakwai masu aiki a ƙarƙashinta. Ba mai wucewa ya gan su, shafin nan ne kaɗai ƙofarsu. Ya buɗe a wayoyinka duka, amma a ta Inna maɓallin saye ya ɓace. Kana cikin nema ciwo ya kwantar da kai. A asibiti ka riƙe gefen mayafina ka ce, "Kada ki miƙa shi haka."

Bayan rasuwarka, zuciya ta raya mini in miƙa, wa zai sani? Kunyarka ta hana ni. Kwana shida ina tono, sai ga mai laifi: hoton nan nawa mai zamewa, wanda nake taƙama da shi, shi ne ke zama a kan maɓallin a tsohuwar burauza. Na cire shi. Na san da kana nan, da na shekara ina shan tsiya.

Jiya na je gidanku, na sami Inna cikin mata masu gaisuwa. Na gaishe ta, na zauna kusa da ita. Ita ta fara. "'Yar nan, aikin nasa kika kawo? Ai ya ce ni zan buɗe."

Ta sa tabarau, ta kunto wayar daga bakin zane. Shafin ya buɗe a hankali, jakunkuna suka jeru, kowacce a mazauninta. Ta zaɓi jakar makaranta don 'yarka, ta gangara da yatsa, sai ga maɓallin nan raɗau! Ta danna.

"Ya shiga!" in ji ta. "Wallahi ya shiga!"

Kafin in miƙe, mai jakunkuna ta kira ni, ina jiyo ihun matan nan bakwai, wai saƙon ciniki na farko ya iso wayarta. Inna tana dariya hawaye na zuba, ni ma haka. Ta kama hannuna ta ce, "Duk wanda kika gama, ki kawo mini."

Allah Ya ji ƙanka, Yaya, Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka ƙi rufe wa kowa ƙofa, Allah Ya buɗe maka ta Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da matarka, da 'ya'yanka, Allah Ya ba mu haƙuri. Wayoyinka suna nan, na sa su caji duka.