Ɗinkin Bahago a Gafakar Rabi'atu

Shekara talatin da huɗu Malam Sabo baduku ya yi da aure, amma bai taɓa sanin inda inuwa take kwanciya a tsakar gidansa da hantsi ba sai da korona ta zo. Tun yana saurayi tsarinsa ɗaya ne. Ya dawo daga sallar asuba, ya sha koko a zaure, ya rataya jaka ya bi lunguna daga Ƙofar Nassarawa har Kasuwar Kurmi, inda ya gaji rumfar ubansa a cikin dukawa. Sai magariba gida yake sake ganinsa, tuwon ma a ƙofar gida yake ci tare da maƙwabta. Cikin gida na matarsa Rabi'atu ne, ita da autarsu Nana Khadija, wadda aka rufe musu jami'a ta dawo da littattafai da waya.

Da aka sa dokar zaman gida, kwana biyun farko ya ɗauke su hutu. A na uku ya gane ba shi da wurin zama a gidan da ya gina da guminsa. In ya shimfiɗa tabarma nan, hanyar madafi ce. In ya matsa can, ƙarƙashin igiyar shanya ne, ruwan wanki na ɗiga masa a hula. 'Yan garuwa sun ɗauke ƙafa, Rabi'atu ta koma auna wa kowa ruwa da buta, har shi maigidan. In an kawo wuta, soket ɗaya ne mai aiki, shi yana son ya jona rediyo, Nana tana cewa lakcararsu ya turo darasi. Ya yi faɗa a kan ƙofar madafi da take kuka, Rabi'atu ta ce ai tun kafin a haifi Nana take wannan kukan. Ya ce zaman ya ishe shi, ta ce ita da ta shekara talatin a ciki ba ta ga an kawo mata lambar yabo ba. Ana cikin haka azumi ya kama, ga zafi, ga masallatai a rufe, ga rediyo kullum tana jera sunayen dattawan da aka binne. Yakan ƙara murya ya ji ko da wanda ya sani, in ya ji kuma ya kashe ta gaba ɗaya.

Kowa zai ce zaman banza ne ya mai da shi mafaɗaci. Shi ma haka ya so a ɗauka. Gaskiyar kuwa tsoro ne. Shekara biyu ke nan wani farin abu yana rufe masa ido a hankali, kamar mutum yana leƙe ta cikin tururin tukunya. Fuskar mutum sai ta matso yake gane ta. Kafar allura kam ya daɗe da yin sallama da ita.

A kasuwa abin ya rufu, saboda Musa. Musa maƙwabcin rumfarsa ne tun suna yara, bahago, mai yawan tsokana. Wata safiya ya ga Sabo yana ta kokawa da zare, ya miƙo hannu ya karɓa ya zura, ya mayar masa, ya ci gaba da labarin da yake bayarwa. Daga ranar kullum sai Sabo ya tarar da allura shida da zarensu a soke a jikin wani guntun fatar ƙirgi, fatar da zai ɗinka kuma an riga an huda mata layi da basilla. Sauran aikin yatsunsa sun haddace. Ba su taɓa yin maganar ba ko sau ɗaya.

Abin da ya hana shi faɗa a gida kuwa, ubansa ne, marigayi Baba Hammadu. Shi ma yanar ido ce ta kama shi. Aka kawo wani mai magani daga ƙauye ya soke masa idon da tsinke, ɗan ganin da ya rage ya tafi. Shekara goma sha ɗaya Baba Hammadu ya yi a zaune a tsakar gida, mutumin da a da in ya yi gyaran murya dukawa suke yin tsit, ya koma mata suna surfe a gefensa suna hirarsu kamar babu kowa, in zai zagaya sai an kama masa hannu. Sabo ya gani da idonsa, ya kuma rantse a ransa ba zai yi wannan zama ba. A lissafinsa, ranar da maganar ta fito daga bakinsa, ranar za a raba shi da kasuwa.

Ana goma ga azumi Rabi'atu ta fito da gafaka ta ajiye masa a gefen tabarma. Jakar fata ce ja, ta Alƙur'anin mahaifinta, rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗauri. Sabo ne ya ɗinka ta da kansa lokacin yana neman aurenta, har ana cewa tsohon ya duba ɗinkin ya juya ya sake dubawa, sannan ya ce a ba yaron nan Rabi'atu. Shekara uku ke nan gindinta ya farke, ta ɗaure da ƙyallen atamfa, duk sanda ta yi magana ya ce babu lokaci. Yanzu ta kwashe takardun ta naɗe a sabon mayafi, ta ce so take ta shiga goman ƙarshe da gafakar a gyare.

"Malam," in ji ta, "ga lokaci Allah ya kawo."

Ya ce kayan aikinsa suna kulle a kasuwa. Kashegari Nana ta hau kujera ta sauko da jakar kakanta daga saman zaure, basilla da allurai duk suna ciki. Ya ce zaren ya tsufa, zai tsinke. Rabi'atu ta kawo sabon zare da kakin zuma na gogawa. Ya ce azumi na sa masa rawar hannu.

Wata rana da azahar, da ya ji gidan ya yi shiru sun kishingiɗa, ya tura ƙofar zaure kaɗan haske ya shigo, ya lashi bakin zare ya fara gwadawa. Ya kusa rabin awa. Zaren ya bi ta dama, ya bi ta hagu, sau biyu ya ɗauka ya shiga, ya ja sai ya ji iska. Ya zauna da allurar a hannu, gumi na bin bayansa.

Ranar Alhamis aka ɗaga doka na 'yan awanni don mutane su sayo abinci. Ya sanar cewa ya fara aikin gafaka a zaure, kada kowa ya taɓa masa kaya, sannan ya ce zai je neman kankana. Ya ɗaura takunkumin da Nana ta ɗinka masa da ragowar shadda, ya cusa gafakar a cikin babbar riga, ya kama hanyar gidan Musa a Ƙofar Na'isa a ƙafa, yana bin jikin gini.

'Ya'yan Musa sun hana kowa shiga wajen ubansu, don haka a dakali suka zauna, nesa da juna, suka gaisa da hannu a ƙirji kamar surukai. Musa ya ce ya rame, ya tambaya ko Rabi'atu ta daina ba shi abinci ne tunda ta gane ba shi da amfani a gida. Da ya ga gafakar sai ya daina tsokana. Ya san ta, a gabansa aka yanka fatar. Ya aika aka ɗauko masa kaya, ya ɗora ta a gwiwa.

"Ka faɗa mata mana, Sabo."

"Kai dai ɗinka."

"Hannuna fa na hagu ne. Ɗinkina ba ya kwanciya inda naka yake kwanciya."

"Mace ina ta san kwanciyar ɗinki?"

Musa ya dube shi ta saman tabarau, ya ce to, ya soka basilla. Kafin awa guda ya gama, aiki tsaf, kamar a kai shi kanti.

Kankanar ma sai da Sabo ya kai ƙofar gida ya tuna da ita. Ya ce ta yi tsada. Juma'a ya wuni a zaure yana ɗan buga guduma a kan itace don a ji motsi. Asabar bayan la'asar, Nana tana madafi tana suyar ƙosai, ya shigo ya miƙa wa Rabi'atu gafakar, ya ce ga ta nan, sai a bar shi ya huta.

Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta bi tsohon ɗinkin bakin gafakar da babban yatsa, sannan ta bi sabon. Ta yi haka sau biyu.

"Ya yi kyau," ta ce. "Yaya ƙafar Malam Musa? Matarsa Binta ta ce tana damunsa."

Sabo ya ji kamar an zare masa tabarma daga ƙarƙashi. Ya fara cewa wane Musa, ta kama hannunsa, abin da ba ta saba yi da rana ba, ta ɗora yatsansa a kan fatar. Na sama, wanda ya yi yana saurayi, kowane zare ya karkata dama. Na ƙasa duk sun karkata hagu. Ta ce shekara talatin da huɗu tana goge gafakar nan duk Juma'a, takalmanta da na yara duk shi ya ɗinka, ko a cikin buhun kaya aka jefa ɗinkinsa za ta tsamo shi.

Daga nan ta faɗa masa sauran, a hankali, ba faɗa. Ta sani tun ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi ya ce kofin ne ya matsa. Ita ta canja masa baƙar buta da fara. Ita take ajiye masa takalmi a wuri ɗaya kullum, ita ta hana Nana gusar da benci a zaure. Ta yi ta jira ya faɗa da bakinsa. Abin da ba ta faɗa ba, kuma ba za ta taɓa faɗa ba, shi ne farkewar gafakar ba ta kai haka ba. Ana jibi za ta kawo masa ita, da kanta ta sa reza ta ƙara tsinke zare huɗu, don kada ya ce a bari sai bayan Sallah.

Ƙamshin ƙosai ya cika gidan.

"Ba zan yi zaman Baba ba, Rabi."

"Baba ba yanar ido ce ta zaunar da shi ba, mai tsinke ne. Yanzu asibiti ake zuwa. Gwaggo da ta girme ka da shekara ashirin an cire mata, ga ta can tana tsince shinkafa."

"In na je suka ce babu yadda za a yi fa?"

"Sai ka zauna. Sati uku kana cikin gidan nan, me ya cije ka ban da bakinka?"

Dariya ta kusa ƙwace masa, ya mai da ita tari. Ta ce ita ba gyaran gafaka ta nema ba, da haka ne da tuni ta aika wa Musa. Hannun da ya fara ta take so ya ƙarasa. Bai ankara ba ta ɗauko reza ta fara warware aikin Musa, zare bayan zare. Ya ce haram, wannan ɓarna ce, aikin gwani take lalatawa. Ta ce ya ba Musa haƙuri in an buɗe kasuwa.

Hudar Musa ta bahago ce, ba za ta karɓi ɗinkinsa ba, dole a sake wata a gefenta. Rabi'atu ta sa tabarau ta riƙe basilla kamar muciya. Ya gyara mata riƙon, ya nuna mata tazara da faɗin ƙwayar gero biyu, ta huda, ya shafa ya ce ta karkace, ta ce shi ya gani ko ita. Ta zura zare a allura, sai a karo na uku, ta miƙa masa. Nana ta leƙo daga madafi, ta ga ubanta da fata a gwiwa a tsakar gida, abin da ba ta taɓa gani ba. Ya gyara murya zai yi mata bayani, ta ce ta sani, Baba, har lambar asibitin ido tana cikin wayarta tun bara. Ya ce ashe a cikin munafukai yake kwana. Suka tsayar da magana: Litinin ɗin farko da aka buɗe gari, shi da Nana za su asibiti.

Kwana biyu suka yi a kai, kullum bayan la'asar, a gindin bangon yamma inda ya gano inuwa tana fara sauka. Layin ya fito a karkace, wani wuri a matse, wani wuri da gibi. Tun da ya fara riƙe allura bai taɓa yin ɗinki mai muni irinsa ba, ya kuma ce kada a kuskura a nuna wa Musa. Rabi'atu ta yi alwala, ta kwance mayafi, ta jera takardun mahaifinta a ciki. Ta ɗaga gafakar ta girgiza a hankali. Ko warƙa ɗaya ba ta zame ba.