Sai Na Ga Shatin Tabarma

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran mai riƙe makullai a garejin manyan motocin da nake sayar da shayi a bakin ƙofarsa. Direbobi Ganduroba suke ce masa, har yawancinsu ba su san sunansa na yanka ba. Ina wanke kofuna maƙocinsa ya zo ya gaya min. Na ƙarasa wankin, na kife su, sannan na ɗauki mayafi na tafi gidan.

Malam, ka mutu a kan shimfiɗarka, iyalinka na kewaye da kai. Abin da ka yi shekara ashirin da shida kana nema wa 'ya'yan mutane ke nan, ga shi Allah ya ba ka.

Ni ban iya yabon ƙarya ba, kuma kai ma ba ka so. Kana da ɗaure fuska, kana da faɗa, kuma shekarun nan duka kana shan shayina ba ka taɓa cewa ya yi daɗi ba. Kullum sukari ya yi yawa. To amma akwai abin da yaran yanzu ba su sani ba, gara in faɗa tun ina da sauran numfashi.

Kai ka miƙa wa mijina makullin motar da ya mutu a ciki. Ya shigo gareji da safe bayan kwana biyu a hanya, idonsa kamar garwashi. Wani kaya na jira, mai kayan na ta tada jijiyar wuya, babu wani direba a ƙasa. Ka tambaye shi ko zai iya, ya ce zai iya. Wane direba ne zai ce ba zai iya ba a gaban 'yan'uwansa? Ya sha kofi biyu, ya cika baki da goro, ya zuba ruwa a ka, ya tafi. Da rana tsaka, a miƙaƙƙiyar hanya wadda ko rami babu, motar ta sauka ta rungumi bishiya. Waɗanda suka je sun ce ko sawun birki babu a kan kwalta. Barci ne, ba ya sallama.

Ba ka aiko kowa ba. Da ƙafarka ka zo, ka tsaya a ƙofar ɗakina ka ce, "Ni na ba shi makullin, kuma na ga idonsa." Na ce ka fita. Shekara biyu ban amsa gaisuwarka ba, ko da na kafa teburina a ƙofar garejin don in ciyar da yara biyar.

Amma ina da ido. Na ga ranar da ka kawo katako ka kafa a bango, ka jera ƙusoshi, ka yi masa murfi da kwaɗo. Na ga ka kwashe tarkacen da ke ɗakin baya, ka share, ka shimfiɗa tabarmi takwas, ka rataye agogo. Daga ranar, duk direban da ya shigo daga doguwar tafiya sai ya ba ka makulli. Ka rataye, ka sa alli ka rubuta lokacin a ƙarƙashin ƙusar. Awa shida, ba ragi. In ya zo karɓa sai ka kama haɓarsa ka juya fuskarsa wajen haske. Maganarka ɗaya ce, sai ka ga shatin tabarma a kumatu. Ƙusa ta farko kuwa ba ka taɓa rataye komai a kanta ba. Ba wanda ya tambaye ka dalili. Ni ba sai na tambaya ba.

Sun gwada ka ta kowace hanya. Akwai wanda suke kira Jirgi, saboda ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya shiga ɗakin ya kwanta yana hira da na kusa da shi, da lokaci ya yi sai ya danna fuskarsa a tabarma da ƙarfi, dama da hagu, ya fito yana miƙar ƙarya. Ka duba shi ka ce kai tunda kake ba ka taɓa ganin mai barcin da ya kwanta a kan kumatu biyu lokaci ɗaya ba, kuma ina yawun barcin, ina kwantsa? Ka goge allin ka sake rubuta sabon lokaci. Gareji ya yi mako yana dariya. Jirgin nan yanzu jikokinsa bakwai, kuma shi ya fi kowa kuka a maƙabarta, in ji waɗanda suka je.

Da wayoyi suka zo, ka ƙara da su. Direba ya ba ka makulli, ya ba ka waya. Masu kaya su kira, kai za ka ɗauka. Ina zaune ina jin zagin da ake maka ta cikin wayar, har a ambaci iyayenka, kai kuwa sai ka ce direban na barci, in ya tashi zai zo. Ka sha zagi a madadin mutanen da ba su san an yi ba. In wuta ta ɗauke lokacin zafi, na sha ganinka ka yanki kwali kana yi wa ƙattin maza fifita, fuskarka a ɗaure kamar an tilasta ka. Ka hana mai walda aiki a jikin bangon ɗakin. Sau biyu mai kamfani ya kore ka a kan kaya sun makara, sau biyu ya aika a kira ka, don shi ma ya san motocinsa sun daina komawa ƙarfen banza a daji.

Ranar da na fara kai maka shayi bayan shekara biyun nan, na ajiye, ka kurɓa ka ce sukari ya yi yawa. Ba ka roƙe ni gafara ba, ni ma ban ce na yafe ba. To yau ina faɗa, mutane su shaida: na yafe, tun ranar nan.

Yanzu ga inda muke. Mai kamfani ya tsufa, ɗansa ke juya gareji. Kana kwance asibiti ya zo ya auna ɗakin barcin, ya ce tayoyi zai zuba. Wai an sa wa motoci wata na'ura da ke kuka in idon direba ya rufe, saboda haka tabarma ta gama aiki. Na ce masa, ɗana, na'urar nan tana tada mutum, amma ba ta yi masa barcin. Ya yi dariya ya ce in kula da butata.

Ranar sadakar uku uwar 'ya'yanka ta ja ni gefe ta damƙa min ɗan makullin kwaɗon katakon makullan nan, ɗaure da zaren da kake rataye shi a wuya. Ta ce ka ce a ba ni, ba ka ƙara komai ba. Halinka ke nan har a bakin kabari.

Washegari na jawo teburina ciki na zauna a kan bencinka. Motar da ta fara shigowa ta autana ce. Shekararsa sha huɗu da ubansa ya rasu, yau gemunsa ya fara furfura. Ya sauko ya bar injin na aiki, wai zai sauke ya ɗauki wani kayan ya juya, manaja ya yarda. Na kalli idonsa. Na san idon nan. Na miƙa hannu.

Ya rage murya don kada abokansa su ji. "Inna, ni fa ba yaro ba ne."

Na ce, "Ubanka ma ba yaro ba ne. Kashe motar."

Ya tsaya. Sai Jirgi ya taso daga inda yake, ya ciro nasa makullin ya sa a tafina, alhali shi tun jiya yake hutawa. Wasu biyu suka bi. Autana ya je ya kashe motar ya kawo. Na rataye nasa a ƙusa ta farko. Ban iya rubutu da sauri ba, amma na san agogo, na zana lokacin da alli yadda zan gane. Bayan azahar ya fito, na kama haɓarsa na juya. Shatin na nan, gefe ɗaya.

Ɗan mai kamfani ya ce zai yi shawara zuwa ƙarshen wata. Ya yi ta yi. Tayoyinsa na jibge a waje, ni kuma ina kan benci. In zai kwashe tabarmin nan, sai ya fara ɗaga tsohuwa a gaban direbobinsa.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka kuskuren farkon nan da duk abin da ya biyo baya. Ya sanyaya makwancinka, ya ba ka hutun da ka tsare wa wasu. Ina yi wa uwar 'ya'yanka ta'aziyya, da 'ya'yanka da jikokinka, da duk matar da mijinta ya dawo gida da ƙafarsa ba ta san wa za ta gode wa ba. Allah ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.