Wadda Ta Riƙe Igiya

Damina uku muka yi a Bakura ba mu shuka ko ƙwayar gero ba. Masu aikin madatsar ruwa ta Bakolori sun shigo da manyan motocinsu, suka ce kowa ya dakata da noma har sai sun daidaita ƙasa sun gina hanyoyin ruwa. Gonar Baba tana cikin waɗanda aka share. Da ya ga rumbu ya fara nuna gindi, sai ya rataye fartanya ya shiga aikin lebura, yana kwaɓa siminti a bakin magudanar da ake ginawa. Inna kuma ta ɗora tukunya. Dambu take yi da waina, ni da yayata Hajo mu ɗauka mu kai wa leburori idan mun taso daga makaranta. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu kwana da yunwa ba. Sai dai duk hatsin da muke ci na awo ne daga kasuwar Talata Mafara, abin da Kaka Tumba, mahaifiyar Baba, ta kasa haɗiyewa. Takan ce, "Manomi da awo? Kamar masunci ne shina sayen kihi."

Ina aji huɗu, Hajo tana aji shida, ciwon amai da gudawa ya shigo. Mun daɗe muna ji a rediyon maƙwabcinmu cewa yana yawo ƙasa-ƙasa, muna ganin abin nesa ne. Daga sansanin leburori ya fara. Kafin Talata biyu an tsayar da aiki, kuma lebura ranar da bai kwaɓa ba, ba shi da komai. Duba-gari ya bi gida-gida ya hana sayar da dafaffen abinci, ya ce kowane ruwan sha a tafasa shi. Haka a mako guda hannun Baba da na Inna suka tsaya tare.

Makaranta ma aka rufe ta. Aka fitar da bencina waje, aka shimfiɗa tabarmi, ana rataya kwalaben ƙarin ruwa a jikin ƙusoshin taga. Da ciwon ya kama Inna, a ajinmu aka kwantar da ita, daidai ƙarƙashin baƙin allo. Na leƙa ta taga na gan ta, ga lissafin da malaminmu ya rubuta ranar ƙarshe yana nan sama da kanta, ba wanda ya tuna ya goge. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Amma wadda aka maido mana gida ba ta iya ɗaga taɓarya. Baba ya zauna kwana da kwanaki yana kallon bango, ran nan da asuba ya ɗauki buhunsa ya ce za shi Gusau ko zai sami dako. Daga nan sai saƙon gaisuwa, shi ma jefi-jefi.

Cin abinci ya koma sau biyu, ya koma sau ɗaya. Damina ce, ita ta rufa mana asiri. Tafasa da rama muke tsinkowa, Hajo ta dafa ta matse, in an sami ƙuli-ƙuli a kwaɗa, in ba a samu ba gishiri ya isa. Akuyar Kaka ta tafi kasuwa, ta dawo a matsayin gero ɗan kaɗan a gindin buhu, don kowa sayarwa yake yi, masu saye sun ƙaranta.

Bayan sallar magariba muke tafasa ruwan gobe a ɗakin Kaka. Tunda ba gona ba kara, sai busasshen kashin shanu da 'yan ƙirare muke tarawa, su kuwa da danshin damina hayaƙinsu ya fi wutarsu. A bakin wannan murhu take yi mana tatsuniya. Da can ɗakin nan cika yake da yaran unguwa, har a riƙa faɗa a kan wa zai zauna kusa da ƙafarta. Yanzu kowane gida ya tsare 'ya'yansa. Daga ni sai Hajo, sai Inna kwance a bayanmu, ba mu san ko tana ji ko barci take ba. Muryar Kaka ma ta ragu. Ba ta ƙara kwaikwayon kukan kura, ta ce yana cin ƙarfi.

Tana da nata salon buɗewa. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tahe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta shigo ta zamna."

Daren da nake so in faɗa, da rana an yi shela cewa ciwo ya lafa, za a wanke makaranta a buɗe. Na yini ina tsalle. Hajo kuwa tana ta gyaran ganyen tafasa. Da muka zauna, Kaka ta daɗe tana kallon tukunya kafin ta fara, kuma tatsuniyar da ta kawo ba mu taɓa jin ta ba.

Wai an yi wata mata mai 'ya'ya biyu, Babba da Ƙarama. Yunwa ta sauka garinsu har ɓera ya yi ƙaura. Uwar ta kwanta ba ta iya tashi. Sai suka ji labari cewa a hayin gulbi akwai gari mai hatsi, wanda kaji ma sun gaji da tsattsaga. Suka tafi bakin gulbi, suka tarar ya cika ya batse, ba jirgi ba mai fito, sai wani babban gora da doguwar igiya a wuyansa. Goran mutum ɗaya yake ɗauka. Kuma sai wani ya riƙe igiyar a tudu, in ba haka ba ruwa ya tafi da shi.

Babba ta ce wa Ƙarama, "Ke kin hi ni rashin nauyi, hau." Ta ɗaura igiya a ƙugunta, ta kafa ƙafafu cikin laka, tana saki kaɗan-kaɗan har ƙanwar ta haye.

Ƙarama ta shiga gari. Aka ba ta fura ta sha, aka ba ta tuwo ta ci. Ta ce bari ta huta kwana ɗaya ta koma. Gari ya waye aka ce ana biki, ta tsaya kallo. Aka ba ta zane, aka yi mata kitso. Kwana ɗaya ya zama bakwai, bakwai ya zama wata, wata ya zama shekara. Ba wai ta manta ba ne, in ji Kaka. Kullum ta kwanta takan ce gobe.

Ita kuwa Babba tana nan tsaye. In ta saki igiya, gora ya tafi, ƙanwarta ba ta da hanyar komowa. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta. Laka ta haɗiye idon sawunta, ta kai gwiwa. Yatsun ƙafarta suka yi saiwa. Fatarta ta yi ɓawo. Tsuntsaye suka fara sauka a kafaɗarta. In iska ta kaɗa sai a ji tana cewa:

"Ƙarama, Ƙarama, igiya na nan,
Ban gaji ba, ƙugu ne ya gaji."

A nan kawai Kaka ta ɗan ɗaga murya, ta rera sau biyu, tari ya sarƙe ta.

Ran da Ƙarama ta waiwayo da buhun gero a ka, ta sami gora yana nan inda ta bar shi. Ta hau, ta bi igiya ta haye. Ta duba gabas ta duba yamma, ba yayarta. Sai wata itaciya a bakin ruwa, igiya ta nutse cikin jikinta. Ta zauna a inuwarta tana kira, "Yaya! Yaya!"

Kaka ta sunkuya kan murhu. Ta tura ɗan ƙirare cikin wuta. "Nan ta tsaya," in ji ta. "Kan kusu ya shige rami."

Na ce, "Kaka, ba ta koma mutum ba?"

"Ni dai inda anka ba ni ke nan."

"To uwar fa?"

"Ta ci gero ta tashi. Ai gero ya zo."

Ni wannan ya ishe ni. Na fara hamma. Sai Hajo, wadda tun farko ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Kaka, don mi ba ta ɗaure igiyar ga icce ba, ta tahi abinta?"

Hajo ke nan. Ita ce ta ɗaya a ajinsu, maza da mata. Ba a ba ta labari ta bar shi da rami a ciki. Kaka ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, hayaƙi yana sa idanunta ruwa, ko kuma ba hayaƙin ba ne.

"Babu icce a bakin gulbin nan, ɗiyata," ta ce. "Ita ce ta hwarko."

Hajo ta gyaɗa kai. Ta tashi ta sa tsumma ta sauke tukunya, ta juye ruwan a randa.

Ranar da aka buɗe makaranta ni kaɗai na tafi. An janye dokar sayar da abinci, aikin magudana ya fara motsi, amma an rage leburori, kuma gurbin Baba wani ya shige shi. Dole tukunyar Inna ta koma kan wuta, Inna kuwa ko tsayuwa ta daɗe sai jiri ya ɗebe ta. Kaka ta tsufa. Ni ban kai in yi surfe ba. Ba wanda ya zaunar da Hajo ya ce ta bari. Da asuba na ji ƙarar turmi, na fito na same ta ta ɗaura zanen Inna tana daka. Rigar makarantarta tana kan tabarmata, ta kama mata ƙugu da zare da allura don ta yi mini daidai, tawa ta riga ta yage.

Ajin namu warin maganin wanki yake yi. Mu talatin da wani abu ne kafin ciwo, waɗanda suka dawo ba su cika benci biyar ba. Wasu sun rasu, wasu iyayensu sun tashi, da yawa kuwa suna nan cikin gari, a bakin turmi ko a bayan jaki. Hedimasta ya zo gidanmu sau biyu saboda Hajo, don lokacin jarrabawar shiga sakandare ya matso. Kaka ce ta fita zaure. Na ji yana cewa, "Iya, yarinyar nan asara ce a bar ta." Kaka ta ce, "Malam, gaskiyarka. To wa za ya ɗora muna tukunya?" Ya yi sallama ya tafi. Zuwansa na biyu ma haka aka yi. Bai sake dawowa ba.

Baba ya komo bayan girbi da tari a ƙirji da abin da bai taka kara ya karya ba. Da aka maido mana gona, an kankare mata ƙasar sama, sai da ta shekara biyu kafin ta san mu. Duk wannan tsakanin dambun Hajo muke ci. Da shi aka saya mini littafi da takalmi, da shi na tafi kwalejin horon malamai. In na zo hutu takan karɓi littattafaina ta duba da dare, tana bin layi da yatsa mai ƙunar tanda. Tun tana tambayata har ta daina. Kaka Tumba ta rasu ina shekara ta biyu a can, ban sami jana'izarta ba.

Na yi aikin koyarwa shekaru masu yawa a Talata Mafara. Bakura ba nisa, amma sai Sallah ko rasuwa ke kai ni. Kullum akwai dalili: jarrabawa, yara, maigida, ciwon baya. Da wannan annoba ta korona ta zo aka sake rufe makarantu, ina gab da ajiye aiki. Ranar da aka buɗe na tsaya gaban aji ina kiran suna, ina jin shiru a wuraren da ya kamata a amsa. Yawancin waɗanda ba su dawo ba manyan 'ya'ya ne a gidajensu. Na bi wasu har gida. Iyayen suka karɓe ni da mutunci, suka ba ni ruwa, suka ce gaskiyata. Na dawo da biyu. Sauran ban iya ba.

A makon nan na hau mota na tafi Bakura ba tare da wani dalili ba. Na sami Hajo a tsakar gidanta, ta tsufa fiye da shekarunta, jikokinta suna ɗaukar mata waina zuwa tasha. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta waɗanda suka daɗe ba su zauna ba. Da muka natsa na ce, "Yaya, kin tuna tatsuniyar gora da igiya?"

Ta ce ta tuna.

Na ce, "Na daɗe ina jin haushin Kaka. Da ke take, ko? Lallashinki take ki haƙura da makaranta."

Hajo ta yi dariya har ta dafa gwiwa. "Da ni? Ni da tun ran da anka maido Inna na san inda zan tsaya? Mi za a gaya mini?" Ta juya waina a tanda, ɗaya bayan ɗaya. "Da ke take, Malama. Ke ce za ki haye."

Shekara arba'in ina ɗauke da labarin nan a juye. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, na rasa ta inda zan fara, don ban san ko akwai kalmar da ta kai tsawon wannan tsayuwa ba. Ita ma ba ta jira ba. Ta tura mini kujera da ƙafa, ta miƙo mini tsinken juyi, ta ce bayanta ya riƙe, in karɓe ta ta ɗan miƙe. Na karɓa. Wainar farko ta ƙone, ta biyu ma haka. Tana kwance a tabarma ido rufe, ta ce in rage wuta.