Mai Kwalabe da Kaluluwar Auta

Faɗan Inna da Mai Kwalabe na farko a bakin ɗakin gwaji aka yi shi, can ƙasan asibiti inda warin magani ke sa ido ruwa. Kwana tara ke nan da aka cire wa autan Inna ƙarshen hanji saboda ciwon daji, amma sakamako shiru. Da ta matsa da tambaya, wata nas ta ce hanjin yana hannun ma'aikacin ɗakin, wanda ake kira Mai Kwalabe. Inna ta gangara.

"Kai ne ka zauna a kan hanjin ɗana? Miya za ka yi da shi?"

Mutumin ya ɗago, siriri ne mai furfura, tabarau a karan hanci. "Kaluluwa nake nema, Inna."

"Kaluluwa a hammata take. Ni za ka yi wa wayo?"

Ya ce akwai ƙanana cikin kitsen da ke jikin hanji, kuma in ciwon zai bazu, a cikinsu yake fara sauka. Ya samo bakwai, likita ya duba su a madubin ƙara girma, duk lafiya lau. Sai dai gashin na'ura da ƙarin ruwan maganin daji da aka yi wa Auta kafin tiyata sun tsuke sauran, wata ko kan ashana ba ta kai ba. Shi bakwai ta yi masa kaɗan, zai sake tonawa.

Abin bai kwanta wa Inna ba. An ce lafiya har sau bakwai, wane mai neman jaraba ne zai koma tono? Ta shiga bin diddiginsa wurin masu shara.

Ashe ɗan mahauci ne. Uban ya so ya gaje shi, shi kuwa ya gudu makaranta don kada ya riƙe wuƙa, ga shi shekara ashirin da shida yana yankan naman da ba a ci. In zai lalube kitse rufe ido yake yi, wai yatsa ya fi ido gani. Matarsa ba ta barin rigar aikinsa ta kwana a ɗaki, kan igiya take rataye ta. Sau biyu ana ba shi ofis a sama yana ƙi. Inna ta ce a ranta, duk wanda ya ƙi ofis mai fanka, akwai abin da yake ɓoyewa a ƙasa.

Bayan kwana huɗu likita ya kira su. An ƙara samun huɗu, kuma ɗaya na ɗauke da ciwon. Auta zai koma shan magani da ƙarin ruwa na wasu watanni, don a tare abin kafin ya dawo. Matarsa ta fashe da kuka. Inna ta fizge katin asibiti daga hannunta, ta sake gangarawa.

"Kwalabe sun cika maka ɗaki. Ina na san ba kaluluwar wani ka jefa cikin ta ɗana ba?"

Bai yi fushi ba, wannan ma ya ƙara mata zargi. Ya ɗauko kwalbar da 'yan gilasan da aka ɗora yankan kaluluwar aka duba, ya jera a tebur. Inna ba ta san ko alif ba, amma ta san kama. Ta kara katin a jikin kowanne, tana bin lambobin da farce: ga mai kama da ƙugiya, ga mai ciki biyu, ga tsayayye kamar sanda. Ta bi sha ɗayan nan kaf, ta sake daga farko. Babu wanda ya saɓa.

"Da ka bar ta fa?"

"Da kun tafi gida da murna. Ita kuma a ce ba ta nan, sai ciwon ya dawo a sani."

Ta fita ba sallama.

Auta ya sha wuya, ya rame har wandonsa na zamewa, amma ya gama maganin. Yanzu wata shida-shida yake zuwa hoto, Inna na biye da shi, domin matar tasa komai aka faɗa mata sai ta ce to. A zuwansu na baya-bayan nan ta ji Mai Kwalabe zai ajiye aiki. Ta same shi yana ɗaure littattafansa da igiya.

"Inna, yau kuma me na yi?"

"Har gobe ban yarda da kai ba," in ji ta. "Amma ka bar musu lambar wayarka. In ni aka yanka, kai za ka zo ka tona."