Fubel ɗin Kaka Falmata

Lokacin da aka fara zaɓen magajin gari a Diffa, meri, wato ofishin magajin gari, ta ajiye rabin duro mai koren fenti a ƙofofin gidajen unguwarmu. Sunansa fubel, wai na zuba shara. Babana, Malam Bukar, ma'aikacin meri, aka ɗora wa aikin, aka ce masa in duro ya ɓata, kujerarsa za ta bi shi.

Namu bai kwana a waje ba. Kaka Falmata, mahaifiyar Baba, ta sa aka shigo da shi, ta wanke, ta cika shi da busasshen tattasan gonarta ta bakin kogin Komadugu. Da maƙwabta suka gani, kowa ya ja nasa ciki, wannan ya zuba ruwa, wancan gero.

"Iya, na shara ne fa," in ji Baba.

"Bukar, wane mai hankali ke zuba shara a sabon abu?"

Bayan magariba muka kewaye murhu kamar kullum. Baba yana gefe, ya kara rediyo a kunne, amma bai kunna ba. Kaka ta gyara itace.

"Ga ta nan, ku matso, har da masu rediyo."

Ta ce a garin dabbobi an naɗa bushiya magajin gari. Ta je birni ta dawo da wata babbar tukunya, ta ce daga yau duk shara a ciki. Dā akuya ke cinye ɓawo, kaza ta tsince tsaba, toka ta tafi gona. Yanzu kowa ya kai tukunya. Akuya ta rame, gona ta yi fushi, tukunya ta cika har ƙudaje suka naɗa nasu magajin. Aka tambayi bushiya, "Ranki ya daɗe, wa zai kwashe?" Sai ta dunƙule, ta ce tana taro.

"Ƙurunƙus, ta tsaya nan, itacena ya ƙare."

Muka yi dariya har ƙanwata ta ƙware. Baba bai yi ba. Cikin makon ya roƙi meri ta sa masu amalanken jaki su riƙa kwashewa, abin da zai ruɓe a kai gonaki ya zama taki. Aka yarda. Sai dai durorin suna cikin gidaje, ga ranar zagayen magajin gari ta matso.

Baba ya ɗauki guduma da ƙusa, ya bi gida gida, ya huda gindin kowane duro. Masu ruwa da masu gero suka fitar da nasu suna mita. Kaka kuwa ta zazzage tattasai, ta leƙa hujin, ta mayar.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yanzu zai sha iska."

Duron wankansa Baba ya yanka, ya shafa koren fenti, ya ajiye a ƙofa. Kujerarsa ta tsira.

Su biyun yanzu suna maƙabarta ɗaya, Allah ya jiƙan su. Na daɗe ina zaton Kaka ta ƙirƙiro tatsuniyar don ta riƙe duro, kuma ban daina zaton ba. Amma yau in na ji ana maganar birni mai wayo, mai fitilun rana da na'urori, nakan saurara, ko wani zai faɗi wanda zai kwashe.