Jif ɗin da Ƙauyenmu Ya Cinye

Ranar Laraba ta farko bayan Babbar Sallah, a shekarar da fari ya ƙafar da rijiyoyin ƙauyenmu na gefen Kunci, na dawo daga makaranta na tarar Baba ya kori kaji daga cikin tsohuwar jif ɗin kakanmu, yana leƙa ta kamar mai tayin akuya. Tun kafin a haife ni take kwance kan duwatsu a gindin tsamiya. Baba, wanda ya taɓa kanikanci a birni, ya ce da tsohuwar zuma ake magani: zai tayar da ita ta riƙa ɗebo mana ruwa daga dam. In ta ƙi, sai ƙaura.

Matsalar ita ce mun riga mun cinye ta. Ƙarfen ƙafarta ɗaya shi ne ƙararrawar makarantarmu, robar cikin taya ta zama guga, kujerar gaba kuwa a kanta mai unguwa yake sasanta rigimar iyakar gona. Baba ya bi gida-gida yana roƙo, yana kankare tsatsa da toka da yashi. Inna takan tsaya da muciya a hannu ta ce, "Malam, wannan ba gyara ba ne, tashin ƙiyama ne."

Bayan wata biyu samari suka tura ta har suka gaji, ko tari ba ta yi ba. Mai ne yake tsiyaya ƙasa, domin ɗan kofin gilashin da ke ƙasan famfon mai ya ɓata, kuma an duba har Kano ba a samu irinsa ba.

Ni na san inda yake. Shekara biyu ina kwaɓa lalle a ciki, in na wanke shi in kifa shi kan tururuwa in ga yadda ƙafafunta suke. Ina 'yar shekara tara, ban mallaki abin da ya kai shi kyau ba, kuma wallahi ina son sa. Kwana uku na yi gum. Ran na huɗu na ga Inna tana cusa tukwanenmu a buhu, ba ta zolayar kowa. Nan na gane shirin ƙaura take yi. Na kai wa Baba kofin, ina jiran bulala. Ya shinshina, ya dube ni, ya ce, "Ashe amarya ce, lalle take jira." Da la'asar jif ta yi tari, ta tashi, Inna ta zazzage buhunta.

Yau muna da burtsatse mai aiki da hasken rana, yara ba su san an taɓa auna ruwan alwala da ludayi ba. Baba ya rasu, jif ta koma kan duwatsunta. Bara na ɗaga murfin injin na ga kofin yana nan, ba mai hana ni ɗauka. Na goge masa ƙura, na bar mata abinta.