Tukunyar da Ruwan Toka Ya Cinye

Shekarar da ruwan tur'a, magudanar ban-ruwa, ya fashe ya ci rabin hawasharmu, wato gonarmu ta auduga, damina biyu bayan fara ta sauka a dawar ƙauyenmu, ita ce shekarar da ɗiyata ta dawo hutu daga makarantar kwana ta birnin Madani a rame. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma ku tambaya daga nan har Kamlin: in na buɗe baki da labari, masu tsinkar auduga ma tsayawa suke yi.

Darasin kimiya ne ya ramar da ita. Sau biyu tana faɗuwa, ustaza, malamarsu, ta ce in ta faɗi imtihan na gaba wata za a ba gurbinta. Ubanta ya ce to, hawasha ba ta korar kowa. Kullum tana gindin dalbejiya tana haddar littafin tana kaɗa kai, da ta rufe shi komai ya zube.

Wata ƙawarta ta ba ta dabara: ta sami wanda bai san komai ba ta yi masa bayani da bakinta, inda ta tsaya nan ne ba ta gane ba. Na shimfiɗa tabarma da murna. Ta fara yi mini bayanin gishiri. Gishiri kuwa ya tuna mini da kakata da ta taho daga Sakkwato da ƙafa, kafin in kawo ta bakin Nilu an kira la'asar.

"Inna, ni fa ya kamata in yi magana."

"To wa ya riƙe miki baki?"

Washegari ta ɗauki littafinta ta nufi gidan gwaggonta, ƙanwar mijina, mai dafa sabulu da tokar itacen auduga. Matar da ko gaisuwa sai an jawo daga bakinta! Ta katanga nake jin su. Yarinya ta yi ta zuba, gwaggon tana juya tukunya, abin da take cewa kawai, "Don mi?" Sai yarinyar ta buɗe littafi, ta sake. Wani lokaci su tuntsire da dariya, ni ina nan ina toya kisra, wainarmu ta dawa, tana ƙonewa. Ni na haife ta, ni na yaye ta, amma "don mi" ta ƙwace mini ita.

Na ce sabulu ne? Ai ba wahayi ba ne. Na tara toka, na tace ruwanta har sau uku don ya fi nata kaifi. Ita a tsohuwar tukunyar ƙasa take dafawa, ni kuwa na fito da sabuwar tukunyata ta alminiyam, mai ƙyalli, don a gani. Na ɗora tun hantsi. Kafin azahar cikinta ya yi baƙi, yana ta kumfa. Kwana biyu ina fama, gindin ya huje, ruwan ya kashe wutar.

Ɗiyata ta shigo ta tarar da ni. Na ɗauka za ta tausaya mini, sai ta ɗaga tukunyar tana leƙen rana ta hujin, idonta na walƙiya.

"Inna! Wannan ne babin da ya gagare ni! Ruwan toka yana cin alminiyam, ba ya cin ƙasa."

Na haɗiye labarai uku da suka taso mini, na ce, "Don mi?"

Ta fara bayani, ta tsaya a tsakiya, ta ce bari ta duba. Da tukunyata a hannu ta fita, gidan gwaggonta ta kai ta.

Ta ci imtihan ɗin, daga baya ta yi aiki a sashen rini na masaƙa a garin Hasahisa. Ranar da ta kawo takardar sakamakon imtihan ɗin, lori a ƙofar gwaggon yake tsayawa, can ta fara shiga. Ta ce hanya ce. Amma tukunyata ce ta huje, ba ta kowa ba.

Ubanta ya rasu, ustazar ma an ce ta rasu. Saura ni, da ɗiyata, da gwaggon, wadda yanzu ta kurumce, ba ta jin ko kiran salla. Har yau in ɗiyata ta zo, can take fara zama ta yi ta ba ta labari, ni kuwa da kunnuwana lafiya lau ina jin su ta katanga.